Ɗiyan talakawa da kalmomi miliyan 30

Maman Ummi: Jama'a raina a ɓace yake wallahi. A taron iyaye wata malama ta miƙe tana cewa wai bincike ya nuna ɗan talaka kafin ya shiga makaranta ɗan mai kuɗi ya fi shi jin kalmomi miliyan 30, shi ya sa ɗiyanmu ba su ganewa a aji. A gabanmu fa!

Malam Bashir: An yi binciken kam, Hart da Risley ne a Kansas ta Amurka, 1995. Amma gida 42 kacal suka bi, 6 ne masu karɓar tallafin gwamnati, awa ɗaya a wata ake naɗar magana sai suka ninka lissafin ya kai miliyoyi.

Baban Sadik: Ku tsaya, wa ye talaka tukun? Ni albashina ba ya kai 20 ga wata amma ba mai ce mani talaka.

Anti Rabi: Kai Baban Sadik talauci ba zagi ba ne, duk wanda ba ya riƙe da sarauta ai talaka ne.

Baban Sadik: Anti wannan talakan sarki ne, malamar matsiyaci take nufi, ke kina GRA ba za ki ji ciwon ba.

Anti Rabi: A Ƙofar Marusa aka haife ni yaro, kama bakinka.

Malam Bashir: A 2018 wasu masu bincike, su Sperry, sun sake dubawa, da suka ƙirga har maganar da yaro ke ji ta sauran mutanen gida sai tazarar ba ta fito haka ba. Ku duba gidan yawa a cikin gari, kaka na tatsuniya, kishiyoyi, yayye, yaro ba ya rasa mai yi mashi magana.

Hajiya Binta: Kishiyoyin me kuma Malam? Sai an sako mu?

Baban Sadik: Ni dai a janye kalmar talaka.

Maman Ummi: To ni maganar malamar fa, in kai ƙara wurin hedimasta ko in bari?

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta kowa ya yarda malamar ba ta yi ƙarya ba tunda Malam Bashir ya tabbatar an yi binciken, mu malamai kullum mu ake ɗora wa laifi alhali gyara daga gida yake farawa. Baban Sadik ka ba Anti haƙuri. Na rufe guruf sai bayan isha'i.