Yaya salula ke gane cutar ganyen wake daga hoto?

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum. Malamai, ana ta cewa ƙirƙirarriyar basira na duba hoton ganye ta faɗi cutarsa. Tunani na'urar ke yi ko me? In ƙungiyar manoma a nan Maradi tana son irin wannan don wake, ta ina za ta fara?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafi ne zalla. Ana rage hoton zuwa ɗigo 224 a tsaye, 224 a kwance, kowane ɗigo da lamba uku, ta ja, ta kore da ta shuɗi, daga 0 zuwa 255. Lamba 150,528 ke nan. Su ake ta ninkawa da wasu ma'aunai miliyoyi ana tarawa, har amsa ta fito: lafiyayye kashi kaza, mai darɓa kashi kaza. Koyon kuwa, a nuna mata hoton da aka san amsarsa, ta canka, in ta kuskure a ɗan motsa ma'aunan, a sake, sau dubbai.

Ba sai kun fara daga tushe ba. MobileNet, wani tsarin gane hoto na salula, an riga an horar da shi da hotuna fiye da miliyan ɗaya na wani babban tarin hotuna mai suna ImageNet, ya iya rarrabe launi da tabo da gefen abu. Ku ɗora naku hotunan a Teachable Machine, shafin Google da ke ƙara horar da MobileNet da hotunanku, ku fitar da abin da ya koya a TensorFlow Lite, wato sigar da ake sawa a manhajar salula, zai yi aiki cikin salula ko babu rezo.

Uwar Gona: Malam ya faɗi mai sauƙin. Wahalar tana wurin hotuna. Ku nemi aƙalla 300 zuwa 500 na kowane rukuni (lafiyayye da kowace cuta), daga gonaki daban-daban, da safe da tsakar rana, da salula iri-iri, har mai tsagaggen gilashi. Ku ware kashi 20 cikin 100 don jarrabawa, kuma warewar ta zama gona-gona. In ganye ɗaya ya shiga koyo ya shiga jarrabawa, hadda ta yi, sakamakon ƙarya za ku gani.

Ga tarkon da ya fi kama mutane: a ɗauki marasa lafiya a kan tabarma, lafiyayyu a gona. To tabarmar za ta koya. A binciken 2016 da aka yi da hotunan ganye 54,306 na wani tari mai suna PlantVillage, na'ura ta ci sama da kashi 99, amma da aka kawo mata hotunan da aka ɗauka a wani yanayi sai ta faɗo wajen kashi 31. Kuma cikin amfanin gona 14 na tarin nan babu wake, babu gero, sai kun tara naku da damina.

Ɗan Gulbi: Na gode, Hajiya. Wa zai sa wa hotunan suna?

Mai Aikin Gona: Masani, ba mai ɗaukar hoto ba. Ku tuntuɓi ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna, ko malaman noma na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ganyen wake kan yi rawaya don rashin taki, ko cutar bairos, ko ƙuduji da ya kama saiwa a ƙarƙashin ƙasa, inda hoto bai kai ba. In mai sa suna ya cakuɗa su, na'urar ma haka za ta cakuɗa.

Ku ƙara rukunin "ba ganyen wake ba", ku zuba masa hoton yashi, hannu, ganyen gyaɗa. In babu shi, ko takalmi aka nuna mata sai ta laƙa masa cuta. Sannan duk amsar da ta gaza kashi 80, manhajar ta ce a kira malamin gona kafin a sayi maganin feshi.