Wanda ya haura arba'in zai iya hadda kuwa?

Ɗan Sharar Mansur:
Salamu alaikum 'yan uwa, wani abu ne ya daɗe yana cin raina. A Makka aka haife ni, ina yaro malaminmu ya sama min wuri a halƙar tahfiz a cikin Harami, ko riyal ɗaya ba a biya, na kai izu goma na watsar na koma turin keken alhazai a ɗawafi da sa'ayi, don lokacin aikin hajji kuɗi na shigowa kuma gida ana buƙata. Yanzu na haura arba'in, abokan karatuna wasu limamai ne, ni kuwa izu goman ma sun zube. Dan Allah akwai wanda ya fara a irin shekaruna ya sauke?

Maman Hanan, Madina:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Akwai mana! A halƙar mata ta Masallacin Annabi muna zama da iyaye masu jikoki, wata sai da aka koya mata baƙi tukuna, layi uku take ɗauka kullum ba ta fashi. Kuma kar ka raina turin keken nan, iyayenka ka ciyar da shi, tsofaffi ka kai suka sauke farali. Ka daina yawan "da na yi kaza", hadisi ya ce tana buɗe aikin shaiɗan.

Bakanon Omdurman:
Malam kai naka ma da sauƙi wallahi, Haramin yana nan, ƙafa za ta kai ka. Ni ina Khartoum kakata tana Mai Wurno kusa da Sinnar, kullum aike take in zo ta ba ni labarin yadda iyayenta suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji har suka zauna bakin kogin Nilu, ni kuma ina ta cewa sai bayan salla, sai an yi hutu, har yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 hanya ta rufe, muka tsinci kanmu a Jidda, ta rasu ban ji komai daga bakinta ba. Wa zan tambaya yanzu?

Ɗan Sharar Mansur:
Allah Ya jiƙanta da rahama. Hajiya na gode, maganarki ta sanyaya min zuciya. To da tsohuwar haddar zan fara ko sabuwa?

Maman Hanan, Madina:
Tsohuwar, daga Nasi ka yo sama, za ka ga tana dawowa da sauri. Gobe bayan Asuba ka tambayi wurin rajistar manya, ka tafi da iƙamarka, wato katin izinin zama.