Cigiyar kalma: me za mu kira hoton da mai zane ya yi wa kansa?

Jama'a, salamu alaikum. Cigiya nake yi, amma ta kalma. Ina shirya wa ɗalibaina darasi da Hausa a kan Frida Kahlo, mai zanen nan ta ƙasar Meziko, sai na yi tuntuɓe da abin da Turawa ke kira self-portrait, wato hoton da mai zane ya yi wa kansa da hannunsa. Yau kwana uku ina juya kalmar ta ƙi zama. Na riga na nemi ku taya ni, kun kuma aiko da shawarwari, amma kafin in amsa su bari in fara faɗa muku waɗanda na gwada.

Da fari na rubuta "hoton kai". Na karanta wa maiɗakina, sai ta ce, "Subhanallahi, wa ya yi hatsari?" Da gaskiyarta. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san in likita ya ce a je a yi hoton kai, to kuɗi ake nema da addu'a. Na soke.

"Zanen kai" ya ma fi rikici. Zane suna ɗaya ne aiki uku: akwai na alƙalami, akwai na wanzami a kumatu, akwai na ɗaurawa. Ka haɗa shi da "kai", mai karatu ya zaci ɗankwali kake nufi, ko wani sabon salon aski.

Na ga mutum biyar sun rubuto "ɗauki-kanka". Ina son kalmar nan, ta zauna daram a bakin mutane, ginin ta kuma irin na faɗi-ka-mutu ne da ɗauki-ba-daɗi. Sai dai tana da mijinta, an riga an ɗaura mata aure da hoton waya. Ɗauki-kanka aikin daƙiƙa ne: ka miƙa hannu, ka karkata kai, ƙyas, ka nuna wa duniya ka je biki. Wanda nake nema wa suna aikin makonni ne, wani lokaci ma na tsawon rai. Rembrandt na ƙasar Holan ya yi ta zana fuskarsa tun yana saurayi har shekarar da ya rasu, 1669, in ka jera su sai ka ga tsufa na shigarsa a hankali. In muka ba su suna ɗaya, yaro zai ɗauka Rembrandt ɗan gayu ne da ya rasa waya.

Malam mai shawarar "hoton madubi", Allah ya ƙara basira, ka sa na tsaya na yi shiru. Hujjarka tana da ƙarfi fiye da yadda ka faɗe ta. Van Gogh, wani mai zane ɗan ƙasar Holan, ya zana kansa fiye da sau 35, yawanci a birnin Paris tsakanin 1886 da 1888, saboda ba shi da kuɗin biyan wanda zai zauna masa, fuskar cikin madubi kuwa ba ta karɓar ko sisi. A Disamba 1888 ya yanke kunnensa na hagu, amma a zanen da ya yi a farkon 1889 bandejin a kunnen dama yake, don abin da madubi ya ba shi ya kwafa. Ita ma Kahlo haka ta fara. A 1925, tana da shekara 18, motar bas da take ciki ta yi karo da taragon cikin gari, ta kakkarye, aka kafa mata madubi a saman gado tana kwance tana zana abin da take gani.

To amma, Allah gafarta malam, madubi abin da aka ajiye gabansa kawai yake mayarwa. Dubi zanen da Kahlo ta yi a 1939, shekarar da aurenta da Diego Rivera ya mutu. Frida biyu ne zaune a benci ɗaya, riƙe da hannun juna. Ɗaya cikin farar riga irin ta matan Turai, ɗaya cikin tufafin matan Tehuantepec na kudancin Meziko. Zuciyar kowacce a waje take, jijiya guda ta haɗa su. Mai kayan gargajiya na riƙe da ɗan ƙaramin hoton Diego yana yaro, mai kayan Turai kuma ta danne bakin jijiyar da almakashin likita, jini na ɗiga a kan farar rigarta. Wane madubi ne zai nuna wannan? Mahaifinta haifaffen Jamus ne, mahaifiyarta kuma jinin Sifaniyawa da 'yan asalin ƙasar, ita kuwa ta zaunar da gidajen biyu kusa da juna ta ce duka ni ce. Ta zana kanta wajen sau 55, tufafi na sauyawa, har da wanda ta yi a 1940 sanye da kwat irin ta maza, ta datse gashinta ya warwatsu a ƙasa. Madubi kayan aiki ne kurum, kamar buroshi. Ba a kiran tuwo da sunan muciya.

Wani ɗan'uwa mai barkwanci ya ce a kira shi "hoton wane-ne-ni". Ma'anar ta yi, sai dai in aka faɗe ta da sauri ta koma "wane ni!", kamar an ce mai zanen ya taya ingarman doki.

Yaya daga Damagaram, shawararki ta "kirarin fuska" ita ta hana ni barci jiya. Lallai in ana neman abin da ya fi kusa da wannan aiki a al'adarmu, kirari ne. Ɗan dambe ya shigo fili, ko maharbi ya cire hula, ya faɗi ko shi wane ne, ɗan wa, na wane gari, da bakinsa ba da na maroƙi ba. Ya kira kansa giwa, ya kira kansa guguwa, kuma babu mai cewa ƙarya yake, don kowa ya san ba kamanni ake nufi ba. Wannan daidai yake da abin da masu zanen nan ke yi. Inda muka rabu shi ne kirari ɗaga kai ne. Kahlo kuwa ciwonta ta zana, da ɓarin da ta yi, da ƙashin bayanta da ya tsage. Van Gogh mai bandeji ba cika baki yake ba. In na rubuta "kirari" a allo, kafin in juyo wani ɗalibi ya ce min yabon kai jahilci, darasi ya watse. Zan riƙe misalin kirari don bayani a aji, amma ba zan sa shi suna ba.

"Zana-kanka" fa? Tana da zaƙi, saura ƙiris in amince. Mai ɗaukar hoto Samuel Fosso ne ya hana ni. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, iyayensa Ibo ne, yaƙin Biyafara ya tarwatsa gidansu, kawunsa ya tafi da shi Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon ɗaukar hoto. In an tashi aiki da dare, ragowar fim ɗin da bai ƙare ba sai ya juya kyamara kansa, ya sa wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ƙaton tabarau, ya aika wa kakarsa a Najeriya don ta san yana nan lafiya. Daga nan abin ya girma. A 1997 ya yi shigar basaraken da ya sayar wa 'yan mulkin mallaka da Afirka, zaune da fatar damisa da furanni a hannu. A 2008 ya fito a matsayin Patrice Lumumba, da Haile Selassie, da Malcolm X, da Muhammad Ali, har da Angela Davis da tulin gashinta. Bai riƙe buroshi ba, saboda haka "zana" ta bar shi a waje. Kuma a dukkan hotunan nan fuskarsa ce, amma sunan wani yake amsawa.

A kansa ne na samu bakin zaren. Yaya za ka ba da labarin Fosso da Hausa ba tare da ka yi tunani ba? Cewa za ka yi ya siffanta kansa da Lumumba. Kalmar "siffanta" tana cin gida biyu: ka siffanta mutum, wato ka faɗi yadda yake, dogo ne ko gajere, ka siffanta shi da wani abu, wato ka kamanta shi. Ta ɗauki Rembrandt mai bin tamojin fuskarsa, ta ɗauki Kahlo mai raba kanta biyu, ta ɗauki Fosso mai aron rigar wasu. "Kai" ɗin ma ya daina ruɗu, don in ya biyo bayan aikatau kunne ya saba da shi: kare kai, yabon kai, dogaro da kai. "Hoto" kuma a Hausa bai bambanta na fenti da na kyamara ba.

Saboda haka na tsaya a kan "hoton siffanta kai". Jam'i, hotunan siffanta kai. In ana son a fayyace na buroshi ne, a ce zanen siffanta kai.

Na san za a yi ƙorafi cewa kalmar ta yi tsawo, kuma ban musa ba, gaɓa shida ce. Na sake karanta wa maiɗakina jimlar, "Frida Kahlo ta yi hotunan siffanta kai wajen 55", wannan karon ba ta tambayi wa ke asibiti ba, cewa ta yi, "Ita kuwa ba ta gajiya da kallon kanta?" Ranar Litinin haka zan rubuta a allo. Wanda ya samo mafi gajarta kafin nan, akwai dasta a aji.