"Kowane allazi da nasa amanu": wai har da harafin K?

Ɗan Alƙalami:
Assalamu alaikum. Jiya na rubuta wa ƙanena saƙo ya fi layi goma, ina yi masa faɗa kan wasa da karatu. Amsar da ya turo mini ita ce "K". Shi ke nan, ko ɗigo babu. Raina ya ɓaci, na nuna wa kawunmu. Sai ya yi dariya ya ce, "Kowane allazi da nasa amanu." Ni dai a sanina ana faɗar wannan ne in ana nufin kowa da irin damuwarsa. To me ya haɗa ta da harafi ɗaya tal?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni ba haka na tashi na ji ta ba. In an ga mutum mai wuyar sha'ani ya samu wanda ke jure masa, sai a ce kowane allazi da nasa amanu. 'Yar'uwar "kowace ƙwarya da abokiyar burminta" ce. Ta damuwa kuwa ai tana da tata: kowane bakin wuta da nasa hayaƙi.

Ɗan Alƙalami:
Yaya, na sha jin ana yin ta da ma'anar damuwa fa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Malam Na-Zaure:
Ku duka kuna da gaskiya, amma mu koma tushe. Daga karatu maganar ta fito, inda kunne ya saba jin "allazina amanu", wato waɗanda suka yi imani. A nahawun Larabci "allazi" isimul mausuli ne, kamar "wanda" a Hausa. Ka ce wa mutum "wanda" ka yi shiru, zai zuba maka ido yana jira. Wanda me? Kalmar ba ta tsayawa da ƙafarta sai da abin da ya biyo ta. Ko abokin zama ne, ko kaya ne a wuya, kowa dai da abin da ke biye da shi. Shi ya sa ma'anonin biyu suka fito daga tsatso ɗaya. Kuma ina ganin kawunka ya hango daidai, domin harafi ɗaya ma allazi ne.

Injiniya:
Allah gafarta Malam, ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Babu harafin da ya wahalar da ni a makaranta kamar K. A darasin sinadarai K potasiyam ne, mai lamba 19, wanda Humphry Davy ya fara ware shi a 1807. Ka fita ka shiga darasin fiziks, K ta koma kelbin, ma'aunin zafi da ke farawa daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. In ka ƙanƙanta ta ka rubuta k, ta zama dubu, kamar a kilomita da kilogiram, daga kalmar Girkanci ta dubu. Wani malaminmu har maki yake yankewa in ka rubuta Kg da babban baƙi, ya ce kai zafi kake aunawa ko nauyi? A lokacin mugunta muke ɗauka.

Masu kwamfuta kuma suka zo suka dagula lissafi, K ɗinsu sau da yawa 1024 ce ba 1000 ba, har sai da aka ƙirƙiro wa ta 1024 ɗin alamar KiB a 1998 don a raba gardama, kuma har yau ba kowa ke bi ba. Mai sayen zinare in ya ga 24K ya san tsantsa ne, 18K kuwa kashi uku cikin huɗu ne zinare. Duk K ɗaya ce, amanunta ne ke canzawa.

Mai Gardama:
Ni fa ban yarda ba. Kun ja karin magana kamar roba har ta kusa tsinkewa. An yi ta ne don mutane, ba don haruffa ba. Kuma Malam, da girmanka, ai ba kowane allazi ne amanu ke bi ba, akwai "allazina kafaru". Sannan amanu jam'i ne, allazi tilo. Ko a nahawun ma ba su dace ba.

Malam Na-Zaure:
Madalla da wannan gyara, ɗana, ka yi karatu. Gaskiya ne, tilo "allazi amana" zai ɗauka. Amma Bahaushe bai zo yin i'irabi, wato feɗe nahawu, ba, amo ya kama. Batun kafaru kuwa ai ni ya taimaka. Ba a ce kowane allazi da amanu ba, an ce da NASA amanu. Wani nasa alheri ne, wani nasa akasin haka. Wannan "nasa" ita ce zuciyar maganar.

Mai Gardama:
Na karɓi wannan. Amma har yanzu ina kan bakana, harafi ba mutum ba ne.

Nas Mai Dare:
In sa baki? A wurinmu K biyu ne, kuma rikita su ba abin wasa ba ne. In likita ya rubuta K a takardar gwajin jini, potasiyam yake nufi. Bitamin K kuwa wani abu ne dabam, shi ke taimaka wa jini ya daskare, kuma shi ne allurar da ake yi wa jarirai bayan haihuwa. Henrik Dam, mutumin Denmak, ya sa masa wannan harafi daga kalmar daskarewar jini da ke farawa da K a Jamusanci, har ya samu kyautar Nobel ta 1943. Don haka sabuwar ma'aikaciya in ta ji "K" ba ta tambayi wacce ba, ni ba na sakar mata mara lafiya.

Malam Na-Zaure:
Bari in ƙara wa Injiniya wani abu. K ɗin potasiyam daga "kaliyam" take, ita kuma daga Larabci "al-ƙalya", tokar tsirrai. Ka ga ke nan asalinta ƙaf ce, ba kaf ba, ta rasa lanƙwasarta a hanya. Mu kuwa mun san abin da lanƙwasa ke yi: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Ita kanta kaf ta Larabci, in ta zo a gaban kalma "kamar" take nufi, in ta zo a ƙarshe ta zama naka ko naki, kusan yadda muke cewa littafinka, littafinki.

Inda zan ja birki shi ne haruffan farkon surorin Alƙur'ani. Surori 29 ne suka buɗe da su, uku daga ciki da harafi ɗaya: Sad, Ƙaf da Nun. Waɗannan kada wani ya jawo musu karin maganar nan. Malaman tafsiri da yawa sun tsaya ne a kan Allah ne mafi sanin abin da Yake nufi.

Uwar Biyu:
Ni abin da ya fi ba ni haushi "ya kk". Kake ne ko kike? Sai ka duba hoton mai saƙon da sunan wanda aka tura wa tukuna.

Ɗan Alƙalami:
To jama'a, na koma wurin Kawu na karanta masa duk bayananku. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai san wani kelbin ba. Abin da yake nufi, wai faɗa mai layi goma amanunsa ke nan, harafi ɗaya, da na yi layi biyu da na samu amsar kirki. Ƙanen nawa kuma ya rantse hannunsa ne ya zame, "Ka yi haƙuri Yaya" ya fara rubutawa.

Mai Gardama:
Kun gani ko? Da mutum ake, ba da harafi ba. Malam, ina jiran ka.

Malam Na-Zaure:
K.