Gammon iska: ina neman amincewarku

Jama'a, sunan Hausa nake nema wa wani kayan mota. Jiya na wuni a garejin wani ubangidana a Kano, ana canja wa wata tsohuwar bas ƙirar Marcopolo robobin nan masu iska da ke zaune tsakanin gangar jikin mota da ƙarfen da ke riƙe da tayoyi. Yaransa "iyabag" suke ce musu. To ai iyabag ɗin da muka sani shi ne wanda ke fasowa daga sitiyari in an yi karo, kuma tuni jakar iska ta zama sunansa. Abu biyu, suna ɗaya, akwai ranar da za a aiki yaro kasuwa ya sayo wanda ba shi ba.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba: roba ce mai kauri, da zare a cikinta kamar taya, sama da ƙasa an toshe da ƙarfe. Aikin sifirin take yi, wato rage jijjigar hanya. Kwamfireson da ke ba birki iska shi ke cika ta, kuma akwai wani bawul mai ɗan hannu da ke lura da tsayin mota. In an yi lodi ta sunkuya, ya ƙara iska. In an sauke, ya rage. Ba sabon abu ba ne, tun 1953 kamfanin General Motors ya fito da doguwar bas mai irinta a Amurka.

Ita wannan motar kwana ɗaya ta yi a ajiye, aka wayi gari ta karkace ta baya kamar raƙumi zai durƙusa. Maigida ya watsa ruwan omo, sai ga kumfa tana tasowa daidai inda robar ke naɗewa, wurin duk ya tsattsage kamar faso. Hagu da dama ya ce a canja tare, don ba a haɗa tsohuwa da sabuwa.

Batun suna kuwa, na fara da balan-balan, aka yi mini dariya. Abin da ke ɗauke da fasinja da buhunansu ba wasan yara ba ne. Salka ta ruwa ce. Zugazugi ya ɗan ja hankalina, don Turawa ma sukan kira ta da sunan zugazuginsu, amma na maƙera fesar da iska yake yi, ita kuwa riƙewa take. Matashin iska fa? Wannan barci yake tuna mini.

Sai wata mai tallar gyaɗa ta shigo, ta sauke faranti, gammonta ya faɗo ƙasa. Shi ke nan! Me gammo ke yi in ba shiga tsakanin kaya da mai ɗauka ba, ya shanye nauyi da jijjiga? Gammon iska. Jam'insa ma a shirye yake, gammayen iska.

Na ce, "Maigida, ya ka ji wannan?"

Ya ce, "Malam, ku dai 'yan boko ba ku rasa aiki."

Ko minti goma ba a yi ba wani sabon yaro ya zura kai ƙarƙashin motar da sifana a hannu, ba a kafa mata komai ba. Maigida ya daka masa tsawa: "Kai, fito! Sa jak da katako tukuna. In gammon nan ya sace, motar a kanka za ta zauna!"

Direbobi da makanikai, in kuna da wanda ya fi shi, ku kawo.