Pam-miyut da Hausa: a danne, a shaƙe, ko a dafe?

1/ Ƴan'uwa masu kiɗan gita na Yamai, ku matso, akwai kalmar da nake so mu kashe maganarta. Ita ce wadda masu koyar da kiɗan metal suke kira pam-miyut. Sunan Hausa muke nema mata, kuma ƴan'uwa sun riga sun kawo shawarwari. Masu Faransanci a nan wasu su ce etufe, wasu su bar ta yadda ta zo. Yaron da bai yi nisa a lakkol ba kuwa, kowacce ka faɗa masa sai ya gyaɗa kai, amma hannunsa bai ji komai ba.

2/ Ga abin da ake nufi, saboda waɗanda ba su sani ba. Hannun da ke riƙe da mediyato, ɗan abin nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, gefensa na wajen ƙaramin yatsa, wurin nan mai tsoka, shi ake ɗorawa a kan tsirkiyoyi daidai inda suka hau jaki, wato abin da ke tallabe su a jikin gita. Sai a kaɗa. Sautin ba ya mutuwa, ba ya kuma daɗewa yana amo. Gajere yake fitowa, mai kauri, dum-dum-dum. In an buɗe wa ampili distorsiyo, wato abin da ke sa sauti ya yi kaushi, a nan ne ake samun gurnanin nan mai dukan ƙirji. A tabulatur, wato rubutun kiɗan gita, ana rubuta P.M. a ja ɗige-ɗige har inda za a ɗage hannu.

3/ Abin yana ba mu wuya ne don hannunmu da wani kiɗan ya saba. Ku saurari Bombino ɗan Agadas, ko Mdou Moctar ɗan jihar Tawa: tsirkiyar ƙasa tana ta amsawa a buɗe, yatsu na yawo a sama, sauti na hawa kan sauti. Daɗin gitar ƙasarmu ke nan. Metal kuwa rabin aikinsa hana tsirkiya magana ne sai lokacin da aka ba ta izini. Shi ya sa za ka ga wanda ya fi ƙarfin biki da gita, an ba shi kiɗan ƙungiyar metal ta Metallica, duk ya cakuɗe masa.

4/ Sunan kiɗan kansa ba zan ɓata lokaci a kai ba. An ce mu ce kiɗan ƙarfe. Duk wanda ya ji haka maƙera za su zo masa a rai. A bar shi metal.

5/ To, shawarwarin da aka kawo. Na farko shaƙe, kuma shi ya fi yawan magoya baya, don fassarar etufe ce kai tsaye. Ban yarda da shi ba. Abin da aka shaƙe numfashinsa ake son ɗaukewa, alhali a nan sautin na da rai, ana ma jin ko wace murya ce, mi ko sol. Ka ce wa yaro ya shaƙe tsirkiya, sai ya kai hannunsa tsakiyar gita ya kwantar, abin da zai fito kaf-kaf ne kawai, babu murya.

6/ Kashe ma an kawo ta. Wannan a ajiye ta, tana da aikinta. Akwai bugun da ake rubuta wa X a tabulatur, inda yatsun ɗaya hannun ke kwanciya a kan tsirkiya ba tare da sun kai ta jikin itace ba. Wannan shi ne kashewa ta gaskiya. In muka ba pam-miyut sunan, ranar da muka iso kan X sai mu rasa ta cewa.

7/ Wani babban yayanmu daga Tawa, wanda ya riga mu riƙe gita da shekaru masu yawa, ya ce danne, ko taushe. Yaya, da girmanka, nan zan ɗan ja da kai. Ka fi kowa kusa, don ka kama cewa aikin na tafin hannu ne. Sai dai dannewa da taushewa duka nauyi ne, kuma nauyi shi ne babban ciwon mai koyo. Yana danna hannu da ƙarfi, tsintsiyar hannu ta sandare, gudu ya gagara. In kuma gitar mai jakin nan ce da ke lilo, irin na Floyd Rose, dannawar na tura jakin, tsirkiyoyi su ƙara ɗaurewa, sauti ya haura sama da inda aka ɗaure shi. Mutum ya yi ta zargin gita ba ta riƙe ɗauri, alhali hannunsa ne.

8/ Tawa shawarar: dafe. Kamar yadda kake dafa kafaɗar aboki kuna magana. Hannun na nan, ana jin sa, amma bai hana shi motsi ba. Iyakar nauyin da ake bukata ke nan.

9/ Abin da ya ƙara min sonta shi ne yadda take zama a baki wurin repetisiyo. Kaɗa wannan a dafe. Wancan a sake. Huɗu a dafe, ɗaya a sake. Ka dafe da yawa, sassauta. Matsa da dafen baya, wajen jaki. Duk umurnin da malami zai bayar ya samu gurbi, kuma kishiyarta, a sake, tana nan a Hausa tun fil azal, ba sai mun ƙera ba.

10/ Na san abin da ƴan fada za su ce, an ma riga an faɗa ana dariya: a dafe ai ƙwai ne. Gaskiya ne a rubuce iri ɗaya suke. A baki kuwa ba ɗaya ba ne, ta dafa kafaɗa ana jan gaɓar farko, wato da ɗin, ta tukunya ba a ja. Kuma ban taɓa jin wanda aka miƙa wa gita aka ce ya kaɗa a dafe ya tafi neman gawayi ba.

11/ Yanzu ga inda kalmar za ta yi mana aiki. Ƙannenmu na ƙona forfe a YouTube suna bin duk wanda yatsunsa suka fi gudu. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowane darasi kafin ka sauke shi: ana nuna dafen? Bidiyo da yawa kyamara na kan hannun da ke taka tsirkiya, don shi ne mai ban sha'awa. Hannun mediyato ko dai ya fita daga hoto, ko a gan shi daga nesa. Irin wannan kallo ne, ba karatu ba. Nemi wanda aka kawo kyamara daf da jaki, har kana ganin inda tsokar hannu ta sauka, don tazarar da ke tsakanin dafe mai kyau da sauti matacce ba ta kai faɗin yatsa ba.

12/ Wanda ya yi fice wajen nuna hannun nan shi ne Troy Grady, Ba'amurke, da ke ɗaure ƙaramar kyamara a wuyan gita ya rage gudun hoto har a ga yadda bakin mediyato ke shiga da fita tsakanin tsirkiyoyi. Bayanin da Ingilishi yake, amma ido na fahimtar rabi. Mai son bi daki-daki kuma, littattafan Troy Stetina na kiɗan metal suna tafe da sautin kowane darasi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Tabulatur tsirara, wadda ba ta da sauti, ba ta isa ba: za ta gaya maka inda za ka dafe, ba za ta gaya maka yawan dafen ba.

13/ Kuma a daina sauraron darasi da lasifikar salula. Ƙasan sautin, wanda shi ne dafen gaba ɗaya, ba ya fitowa a nan. A sa ekuter.

14/ Gudu shi ne na ƙarshe. Master of Puppets ta Metallica, ta 1986, tana tafiya sama da bugu 200 a minti, kuma James Hetfield, mai gitar ƙungiyar, ya shahara da kaɗa ta da bugun ƙasa zalla, mediyato na sauka wajen sau 7 a daƙiƙa ɗaya, yawanci a dafe, yana ɗage hannu daidai inda ake son sauti ya buɗe. Wanda ya tasar wa wannan daga ranar farko tsamin hannu zai kwasa. Darasin kirki shi ne wanda ke cewa kunna metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, fara da rabin gudun, kada ka ƙara sai kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa. YouTube ma na bari a rage gudun bidiyo zuwa 0.5, a yi amfani da shi. Ranar da babu kuran kuma ba hutu ba ne, dafe na koyuwa a gita ba ampili, har ma kuskure ya fi fitowa fili, don distorsiyo na rufa wa mutum asiri.

15/ Wata ƙanwarmu ta tambaya ko dafe zai ɗauki wancan aikin na tsare sauran tsirkiyoyi kada su yi hayaniya lokacin solo, wato lokacin da gita ɗaya ke jan kiɗan. A ganina a'a, ƙanwata. A can ba a kaɗa tsirkiyar da hannu ke kai, gadi kawai ake yi. Ki ce tsarewa, kamar yadda kika faɗa da bakinki.

16/ Yayanmu na Tawa ya ce zai gwada ta da yaransa, in ta ƙi zama ya dawo da dannensa. Na yarda. Wadda ta rage min da ciwon kai ita ce distorsiyo. An kawo gurnani, an kawo ƙaurin sauti, an kawo dusashewa, kuma dusashewa rauni take nunawa, abin da ba shi a wannan sautin ko kaɗan. Masu ra'ayi, bismilla.