Shakazobar Hilux ɗina ta mutu, wacce zan saka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Hilux Vigo ƙirar 2012, mai fowil. Masara nake ɗaukowa daga ƙauyuka zuwa Dawanau, hanyar kuma yawancinta burji ce mai gargada. Nakan ɗora mata buhu 15. Yanzu bayanta ya zauna, in ta faɗa rami sai ta yi ta lilo kafin ta natsu, kuma shakazobar hagu ta baya tana zubar da mai. Wani ya ce in nemi ta hannu, wani ya ce sai Bilstein. Wacce za ta ɗaga mini bayan nan ta jure lodi?

Bakanike: Wa alaikumus salam Alhaji. Babu shakazobar da za ta ɗaga maka baya, ko ta nawa ce. Lodi aikin sifirin ne. Ita shakazoba aikinta ta kashe lilon da sifirin ke yi, ta riƙe taya a ƙasa. To lilon da zubar man nata ne, amma zaman bayan na sifirin ne. Ka leƙa ƙarƙashi lokacin da babu kaya: in ganyen sifirin, wato dogayen ƙarafan nan da aka jera a kan juna, ya miƙe sambal babu lanƙwasa, ko ka ga ɗaya ya tsage kusa da tsakiya, daga nan za a fara. Kuma gaskiya, buhu 15 tan ɗaya da rabi ke nan, motar nan kuwa wajen tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka. Abin da ya cinye ta ke nan.

Direban Agadas: Oga ya faɗi gaskiya. Sai dai kan zaɓi ina da magana. A gargada zafi ne ke kashe shakazoba. In ta daɗe tana aiki man cikinta sai ya yi kumfa, ta saki. Shi ya sa muke son mai bututu ɗaya, irin Bilstein ta Jamus, don gas ɗinta a ware yake da man, kuma tana saurin hucewa. In motarka tana kan tsayinta na kamfani Bilstein mai lamba 4600 ce taka. 5100 an yi ta ne don waɗanda aka ƙara wa tsayi.

Bakanike: Haka ne, amma ka faɗa masa aibinta ma. Mai bututu ɗaya in dutse ya lotsa jikinta shi ke nan, don fistin a wannan bututun yake tafiya. Mai bututu biyu tana da riga a waje. Kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Mai bututu biyu irin KYB Excel-G ta Japan ta ishi mai masara, matuƙar ta gaske ce.

Mai kayan gyara: Nan ne matsalar, jabu ya yi yawa. Alhaji ka zo da lambar shasi, don ta mai fowil da ta marar fowil ba ɗaya ba ne. Ka danne ta da hannu ka saki: mai gas za ta miƙe da kanta a hankali, ba tare da sarƙewa ba. Ta hannu kuwa caca ce, ana wanke ta a fesa fenti, sai ka hau hanya take nuna halinta. In aljihu ya yi nauyi akwai Old Man Emu ta Ostireliya, su har sifirin suke haɗawa daidai da nauyin kayan da kake ɗauka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To in canza ta hagun kaɗai tukuna?

Bakanike: A'a ranka ya daɗe, biyun baya tare, in ba haka ba motar za ta riƙa karkata a kwana. A sa sabbin bushin, wato robobin da ke wajen ɗaurin shakazobar, kuma kada yaro ya ɗaure kusoshin tam sai an sauke motar daga jak ta tsaya da ƙafarta, don roba na saurin yagewa in an ɗaure ta a rataye. Ka shafa tayoyin gaba da tafin hannu, in ka ji tudu da kwari to na gaban ma sun gaji. Su a cikin sifirin mai murɗi suke, sai mai abin matse shi zai kwance, a yi alaimen bayan an gama.

Direban Agadas: Kuma in an ƙara ganye motar ta ƙara tsayi, a auna kafin ka biya kuɗi. Gajeriyar shakazoba fizgewa za ta yi a ramin farko.